Jan-Alli da Famfon Gangare

Dispensa, mai ba da magani a ɗakin shan magani, ya fara sanin Jan-Alli ne a shekarar ƙarshe da ma'aikatan lafiya suka sa gajeren wando. Da shekara ta juyo aka ce kowa ya koma dogo, har masinja, kuma mu da muka ga zamanin nan biyu mun san tun daga lokacin aiki ya fara sakin jiki. A wancan zamani ɗakin shan magani ciki biyu ne da baranda. Sirinji na gilashi ne, kowace safiya sai an tafasa shi a wata ƙaramar tukunyar ƙarfe. Kwalaben magani suna jere a kanta bisa ga tsayinsu, kowace da sunanta a rubuce da hannu, rubutun da ba ya hawa ba ya sauka. Dispensa a lokacin saurayi ne, bai daɗe da barin makarantar mishan ba, inda aka koya masa yanke farce ran Asabar da isa wuri kafin a kaɗa ƙararrawa. An turo shi unguwar gangare, ya kuwa yi murna, gama a nan gwaggonsa take, ƙanwar mahaifinsa, wadda ita ce ungozomar unguwar.

Ran da ya kama aiki, yana cikin goge kanta, sai ya ji ƙararrawar keke tun daga saman hanya, ana kaɗa ta ba ƙaƙƙautawa kamar gobara ta tashi. Can sai ga wani gajeren mutum ya hau baranda da kekensa, ƙirji a gaba, kakinsa ya sha sitaci har in an tuɓe shi zai iya tsayuwa shi kaɗai. Safa har gwiwa. A aljihun gaba alli biyu, fari da ja. A jikin keken kuma an ɗaure wata moɗa mai dogon mariƙi, yadda soja ke rataya bindiga.

"Kai ne sabon mai raba ƙwaya?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Madalla da ka san yallaɓai. Ni ne duba-gari. Ni nake tare cuta a bakin ƙofa, kai kuwa abin da ya zille mini kake sharewa. Ka ga ke nan wane ne babba. Kekena a nan yake zama, kada in ga yatsan mara lafiya a kan sirdinsa."

Sunansa na yanka yana nan a ofis, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi a gangare. Jan-Alli suke ce masa, saboda jan allinsa ya fi farin saurin ƙarewa. Ubansa kuku ne a ɗaya daga cikin manyan gidajen tudu. A ɗakin bayan gida na masu aiki aka haife shi, a can ya girma, yana shiga ta ƙofar baya, yana cin ragowar tebur yana ganin gata ne. Tun yana ƙarami ya iya tsayuwa da hula a hannu. Da ya sami kaki, sai ya nemi waɗanda su ma za su tsaya masa haka.

Aikinsa, a yadda shi ya fahimce shi, bai wuce bakin randa ba. Zai yi sallama sau ɗaya, ko an amsa ko ba a amsa ba ya faɗa tsakar gida, ya miƙe wurin randa, ya zura moɗa, ya ɗaga ta wajen haske, ya kanne ido ɗaya. In ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, ko da guda ce, sai ya sa ƙafa ya tunkuɗe randar, ruwa ya malale, ya fito ya zana jan da'ira a jikin ƙofa. Jan da'ira kuwa sammaci ne da tara, da wuni a tsugune a ƙofar kotu. Ya taɓa yi wa wata mai tsohon ciki haka, tana roƙonsa ya bar mata ko na dafa abincin rana, ya ce mata doka ba ta san ciki ba. In kuwa bai ga komai ba, sai ya ja farin layi yana ɓata rai, kamar an danne masa haƙƙi.

To, ga yadda garin yake. Tudu na sama, gangare na ƙasa. A tudu kowane gida da famfonsa, wasu har biyu, ɗaya na mutane ɗaya na furanni. A gangare ko ɗaya babu. Famfon da ya fi kusa yana bakin kasuwa, sai an hau tudun nan da bokiti, a bi layi, kuma kafin rana ta take an ɗauke ruwan. Matar da ta cika randarta da wuyanta da gwiwoyinta ta cika ta, sai ta yi ta lallaɓa ruwan ya kai ta 'yan kwanaki. Akwai kuma wata tsohuwar rijiya a can ƙarshen unguwa, a gefen kwatar da ke gangaro da ruwan wanka da na bayan gida daga gidajen tudu. Kowa ya san ruwanta na wanki ne da yayyafa ƙasa. Ba mai shansa da son ransa.

A tudu ma Jan-Alli yana duba gari, in dai abin da yake yi can sunansa dubawa. Tun daga nesa yake sauka daga keke, ya tura shi a hankali, ƙararrawa ta yi tsit. Ya cire hula ya gai da maigadi, ya tambayi lafiyar maigida da ta uwargida da ta karen gidan. Sa'an nan ya ja farin layi a ginshiƙin get, dogo, miƙaƙƙe, irin wanda malamin lissafi zai yaba. Bai taɓa leƙa bayan gidajen ba, inda tsofaffin tayoyi ke cike da ruwan sama, inda sokawe, ramin ruwan bayan gida, ke tumbatsa yana tsiyaya cikin kwata. Wata rana Dispensa ya tambaye shi dalili. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Mutumin da ke da famfo me ya haɗa shi da sauro? Sauro na matsiyata ne."

Matan gangare ba wawaye ba ne. Da tara ta ishe su, sai suka lura da abu biyu: randar da ba ruwa ba ta da tsutsa, kuma mutumin nan ba ya iya saukowa da keke bai kaɗa ƙararrawa ba. Shi ke nan. Da an ji ƙirrr daga saman hanya sai magana ta bi katanga-katanga, "Ga shi nan, ga shi nan!" Kowace ta ruga ta tuntsurar da randarta da hannunta, ta kife ta, ta share ruwan ya bi rariya. Ba mai tsayawa ta duba ko da tsutsa ko babu, gama idonsa na ganin abin da nasu ba ya gani, musamman ƙarshen wata, lokacin da ofis ke son ganin ƙoƙari. Ya shigo ya tarar da randa a kife, ƙasa a jiƙe, mata sun sunkuyar da kai. Farin layi ya yawaita a gangare har unguwar ta koma kamar allon makaranta. Jan-Alli ya riƙa faɗi a ofis cewa shi kaɗai ya wayar da kan mutanen da aka ce ba sa wayuwa. Aka yaba masa a taron ƙarshen shekara, aka ba shi sabon keke, mai ƙararrawar da ta fi ta da ƙara.

Dispensa ya ɗauki shekaru kafin ya gane abin da ke gabansa. Abin da ya sani kawai, akwai makon da bencin baranda ke zama wayam, akwai kuma makon da zai cika da yara masu gudawa, idanu sun faɗa, iyaye mata na riƙe da su kamar tsumma. Ya ba su magani, ya yi musu faɗa irin wanda aka koya masa: a wanke hannu, a rufe abinci, a tafasa ruwa. Su ce to. Bayan wata su dawo. Wata ranar Lahadi ya je gai da gwaggonsa, ya tarar tana tace wani ruwa mai launin ƙasa da gefen tsohon zane.

"Haba Gwaggo! Har da ke? Ruwan rijiyar nan za ki sha?"

"A'a, turare zan yi da shi."

"Ina na randa?"

"Tambayi abokinka mai safa. Jiya ya zo. Kafin ya gama zane-zanensa an ɗauke ruwan kasuwa, yau kuma Lahadi ba sa kawowa. Ko kana da wani famfon a aljihu?"

"To ai sai ki tafasa."

"Da wane icen, ɗan nan? Ni dai duk ran da ka ga farin alli a ƙofofinmu, ka share bencinka, baƙi na tafe."

Washegari Dispensa ya tare Jan-Alli a baranda yana goge sarƙar keke. Ya yi masa bayani dalla-dalla, cikin ladabi. Bai roƙe shi abu mai wuya ba. Ya ce ya riƙa sauka gangare da sassafe, yadda in an zubar da ruwa za a iya komawa kasuwa kafin a ɗauke. Ko ya daina tunkuɗe randa, ya koya musu tacewa da rufewa. In kuma duk wannan ya gagara, ya buɗe baki a ofis ya ce unguwar nan famfo take bukata.

Jan-Alli ko ɗagowa bai yi ba.

"Da sassafe ina tudu. Manya ba sa jira."

"Yallaɓai, yara ne ke mutuwa."

"Da zazzaɓi?"

"Da gudawa."

"To ka gani. Ni sauro aka ba ni. Ciki naka ne. Ka taɓa ganin na shigo na taɓa maka kwalba?"

Da ma mugu ne, da an san inda za a kama shi. Bai taɓa karɓar cin hanci ba, wannan kowa ya shaida, shi kuma ya fi kowa faɗin haka. Bai taɓa makara ba. Shi dai mutum ne da aka ba ido mai ganin tsutsa a cikin moɗa, amma tudu guda na gabansa ba ya ganinsa. In ya ga mai get gwiwarsa ta yi sanyi, in ya ga mai randa ƙafarsa ta hau ƙaiƙayi. A haka ya yi ta samun ƙarin girma.

Sai shekarar amai da gudawa ta zo. Ta fara da damina, daga gidajen da ke kusa da rijiya, ta bi unguwa kamar wutar daji. Ɗakin shan magani ya cika, baranda ta cika, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyar da ke gabansa, ana rataya kwalaben ƙarin ruwa a reshe har suka ƙare. Dispensa ya rame, idanunsa suka yi zuru-zuru. Manyan ofis suka zo sau ɗaya a mota, gilashi a rufe, suka ce a ƙara tsabta, suka juya.

Ita cuta ba ta karanta alli. Wata rana da rana tsaka, Jan-Alli na tsaye a get ɗin wani babban ɗan kasuwa a tudu, hula a hannu, sai cikinsa ya murɗa. Kafin ya kai ga keke ya zube, kaki mai sitaci ya lalace gaba da baya. Maigidan ya leƙo daga tagar bene, ya ce wa maigadi a janye mutumin nan daga ƙofarsa, a wanke wurin da magani. Gidan nan kuwa ya fi kowane gida shan farin layi. Wani mai amalanke da ya kai gawayi shi ya tausaya ya ɗora shi, ya gangaro da shi ɗakin shan magani, ƙafafu na reto, safa ɗaya ta zame har idon sawu.

Dispensa ya dube shi, ya dubi tabarmin da ba masaka tsinke. Ba gado, ba kwalba ko ɗaya. Gwaggo na wurin tana taya shi kula da mata masu ciki. Ta zo ta tsaya a kan amalanken, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba mai safa ba ne?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Ikon Allah. Ashe shi ma yana da ciki." Ta gyara ɗaurin zane. "Kai mai amalanke, juya, kai shi zaurena. In ya mutu a nan cewa za a yi mu muka kashe ɗan gwamnati."

Maganin wannan cuta ruwa ne, ruwa mai kyau, da ɗan gishiri da sukari, a yi ta ɗura wa mutum har cikinsa ya gaji da zubarwa. Ruwa mai kyau kuwa a gangare a lokacin ya fi nama wuyar samu, gama an hana cunkoso a famfon kasuwa, sai wadda ta yi sammako ta kuma yi sa'a. Gwaggo na da randa guda cike, wadda ta hau tudu da gwiwoyinta masu ciwo ta cika. Ita ta buɗe. Ta ƙona icen da ta tanada, ta tafasa, ta zauna a kansa da cokali.

"Buɗe baki, ɗan gwamnati. Na duba, ba tsutsa."

Ya yi nishi.

"Au, ba ka yarda ba? A ɗauko maka moɗarka ne? Haɗiye don Allah, kada ka ɓata mini ruwa."

Matar Jan-Alli, wadda ke ɗinki a bakin kasuwa, ta zo ta tsaya a ƙofar zaure da hankici a hanci, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ce tana da goyo, ta koma. Daga ofis ba wanda ya leƙo, sai masinja da aka aiko ya karɓi keken gwamnati kada ya ɓata. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallon abin mamaki. Matar nan da ya kai kotu da tsohon ciki ta ce, "Iya, wallahi da ni ce, na rijiya zan ba shi." Gwaggo ta ce, "Shi ya sa ba ke ce ungozoma ba." Randar ta ƙare a kansa ƙaf. Ita da jikokinta suka koma wa ruwan rijiya, tana tafasawa da ƙiraren da ta roƙo gida-gida.

Jan-Alli ya tashi. Irinsu ba sa mutuwa da wuri. Ran da zai tafi, sanye da aron rigar marigayi mijin Gwaggo, ya tsaya a tsakar gida yana tangaɗi. Can idonsa ya sauka a kan randa.

"Iya, murfin nan naki ya tsage. Ki sake shi."

"To, ranka ya daɗe. A gai da gida."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, Dispensa na tsaye yana ji.

Bayan cutar ta lafa, an binne waɗanda za a binne, sai kunya ta ɗan kama hukuma. Aka ce za a ja sabon bututu guda ɗaya daga babban tanki. Wuri biyu ke nema: gangare, da sababbin gidajen ma'aikata da ake ginawa a filin da ke bayanta. Aka kira zaman kwamiti a zauren ofis, mai dogon tebur da fanka mai kuka. Dispensa ya goge takalmi ya je. Da aka ba shi dama, ya tashi ya faɗi abin da ya gani: hawan tudu, da kife randa, da rijiya, da kwatar da ke gefenta. Ya ce magani ba ya kama mutumin da zai koma gida ya sha abin da ya kwantar da shi. Ya ce in ana so a san unguwar da za ta yi ciwo baɗi ba sai an tambayi likita ba, a duba inda bututu ya tsaya. Ya ce ma'aikata na da albashi da keke, za su iya jira, mutanen gangare kuwa da yawansu a maƙabarta suka ƙarasa nasu jiran.

Ciyaman, wani mai ƙiba da ke gyangyaɗi a zaune, wanda kuma ƙaninsa ne ɗan kwangilar sababbin gidajen, ya juya.

"Duba-gari, kai ka san gidajen nan ciki da waje. Har an ce jinya ka yi a can. Rashin ruwa ne ke damunsu?"

Dispensa ya sauke ajiyar zuciya. A ransa ya ce an gama, tunda mutumin da randar Gwaggo ta tayar shi ne zai yi magana.

Jan-Alli ya miƙe, ya ja rigarsa ƙasa, ya haɗa dugadugai. Ya dubi ciyaman, ya dubi injiniya, ya dubi fanka. Wajen Dispensa ne kaɗai bai duba ba.

"Ranka ya daɗe, ni abin da idona ya gani zan faɗa. Shekara da shekaru ina shiga gidajen nan. Duk gidan da na shiga, randa a kife, tsakar gida a jiƙe sharkaf. Mutanen da ke zubar da ruwa haka, ranka ya daɗe, ba ruwa suka rasa ba. Tarbiyya suka rasa. In an ba su famfo, yara za su mai da shi abin wasa, wurin ya zama tafki, sauro ya dawo."

"Madalla," in ji ciyaman. "Ga maganar mai aiki."

Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya ce ya gani, wannan kuwa shi ya fi ƙona wa Dispensa rai. Bututu ya tafi gidajen ma'aikata. Don ƙarin wulaƙanci, hanyarsa ta bi ta bayan gangare, dab da katangar Gwaggo, mazan unguwar ne ma aka ɗauka lebura suka haƙa ramin, suka binne shi da hannunsu. Yara kan kwanta a wurin su kasa kunne a ƙasa, wai suna jin ruwa na wucewa. Jan-Alli ya zama babban duba-gari, aka ba shi ɗaya daga cikin sababbin gidajen, mai famfo a ciki da wani a waje. Sa'ad da Dispensa ya kai wa Gwaggo labarin zaman, tana wanke almakashinta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da na sani da na rage rabin randar."

Tun daga ranar ba abin da ke haɗa Dispensa da Jan-Alli sai ina kwana da lafiya lau.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka daina alli, aka daina moɗa. Sirinjin gilashi ya tafi, na roba ya zo, rubutun kwalba ya koma na inji. Sababbin ma'aikata suka zo da farar mota da lasifika, suna koya wa matan gangare wanke hannu. Suka manna wani babban hoto a bangon ɗakin shan magani, wata mata ce tana murmushi, tana wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin famfo. Matan unguwa suka tsaya da bokitansu a ka suna kallon famfon hoton. Aka yi taro a otal kan lafiyar talaka, aka ci aka sha, aka raba jaka. Duk wanda ya zo sai ya gano cewa mutanen gangare jahilai ne, ba a taɓa samun wanda ya gano ƙishirwa suke ji ba. Dispensa ya yi furfura a kan bencin nan, yana ba 'ya'ya irin maganin da ya ba iyayensu suna yara. Kowane sabon ciyaman sai ya je ya kai masa maganar famfo, kowanne ya ce ana dubawa.

Jan-Alli ya riga shi yin ritaya. Dole ya bar gidan gwamnati, ya koma wanda ya gina a wata unguwa, shi da iyalinsa. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ta ce babban ma'aikacin da ya ajiye aiki, hukumar ruwa za ta ja masa famfo guda a gidansa na kansa, in dai bututu ya bi ta kusa. Kowa ya ɗauka a sabon gidan zai sa, matarsa har ta sayi sabon baho. Sai aka ji ya sayi wani ɗan tsirin fili a bayan katangar Gwaggo, inda ake ɗaure awaki, wanda in mutum ya kwanta a ciki sai ƙafarsa ta leƙo hanya. Unguwa ta yi ta dariya. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa shi, wasu suka ce kabarinsa yake tanada. Ya kawo magini ya tayar masa da ɗaki guda kamar akurki, da ƙofa da lamba, tunda ƙa'ida gida ta ce. Aka zo aka ja ruwa. Da aka gama, sai ga kan famfon a waje, a jikin bango, yana kallon hanya.

Ya tsaya a tsakiyar hanya yana zage-zage yadda kowa zai ji.

"Ku dubi aikin banza! Na ce ciki, jakin nan ya sa mini a waje! Ma'aikatan yanzu ba su san komai ba. Sai na kai ƙararsa!"

Bai kai ba. Bai kuma sa kwado ba. Matarsa ta daɗe ba ta yi masa magana, tana sayen ruwa wurin 'yan garuwa a gidan babban duba-gari mai ritaya.

Da farko matan suka ji tsoro, suna zaton tarko ne. Can wata mai ƙarfin hali ta kai bokiti, ta murɗa, ruwa ya zubo fari tas. Kafin rana ta take layi ya kai bakin rijiya. Shi kuwa kullum da safe sai ya zo da kujerarsa mai naɗewa ya zauna a gefe. Ya tsufa, ya shanye, amma bakin na nan.

"Ke, wannan bokiti ne ko kwandon shara? Ke kuma rufe famfon nan, na ubanki ne? Ɓarayin ruwa kawai! Ku jira in sa a gyara, ku gani."

"Allah ya ja kwana, Baba, kada a gyara," matan su ce, suna dariya a gefen mayafi.

Bencin Dispensa ya fara samun hutu. Bai ce wa Jan-Alli komai ba, bai kuma ga dalilin da zai ce ba. Famfo guda ne, bayan duk shekarun da aka yi ana haƙa ƙananan kaburbura, alhali da mutumin nan ya buɗe baki ran da aka tambaye shi, da kowane layi na da nasa tun ba a haifi rabin matan da ke tsaye a wurin ba. Wasu a unguwar har sun fara cewa ashe mutumin kirki ne. Mutane ba su da wuyar saye.

Wata rana mai gyaran famfon da ya yi aikin ya zo ɗakin shan magani, ƙarfe ya yanke shi a hannu. Dispensa na ɗaure masa ciwon, ya ce, "Kai ne jakin da ya sa famfo a waje?"

Mutumin ya yi dariya har bandejin ya zame.

"Haba malam, ni da aikina? Tsohon nan a kaina ya tsaya tun daga haƙa har ɗauri. Shi ya ce waje. Na sa, ya ce ya yi sama, in sauke. Na sauke, ya ce in ƙara, wai yadda tsohuwa za ta tara tulu ba sai ta ɗaga hannu ba. Ya kuma ce in na faɗa wa wani sai ya sa an ƙwace mini lasin."

Da aka tashi aiki Dispensa ya bi ta gidan Gwaggo. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi hazo, ta daina karɓar haihuwa. Tana zaune a bakin zaure, daga inda take ana jin zubar ruwa cikin bokiti. Ya zauna ya ba ta labarin duka, tana saurare tana murza gwiwa.

"To," ta ce. "Randa guda ya sha mini. Ya biya."

"Shi ke nan, Gwaggo?"

"Nawa ke nan. Sauran ba ni ke binsa ba." Ta lalubo kofi ta miƙa masa. "Tashi ka taro mini ruwa, tunda kai ƙafarka na aiki."